Shafin intanet na shagon yayanka: ta ina za ka fara, kuma me za ka riƙe a hannunka

Wani matashi daga Fagge ya aiko min da tambaya. Yayansa yana da shago a Kantin Kwari, yana sayar da atamfa da shadda da leshi, yana kuma so a buɗe wa shagon shafin intanet. An gaya wa yaron cewa akwai manhajar da ake gina shafi da ita kyauta, wai ita WordPress, amma da suka je wurin wani mai wannan sana'a sai ya yanka musu kuɗi mai kauri. Shi dai abin da ya mallaka tsohuwar laftop ce da waya, bai taɓa rubuta kod ba, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. Yana tambaya ko zai iya yi da kansa, in zai iya ta ina zai fara, kuma in kyauta ce me ya kawo maganar kuɗi.

To ƙanena, za ka iya. Wanda ya ce maka kyauta ce bai yi ƙarya ba, wanda ya nemi kuɗi ma ba lallai ne cuta ya yi niyya ba. Abubuwa ne daban-daban aka haɗa maka su a baki ɗaya, shi ya sa lissafin ya rikice.

Ɗauki shagon yayanka ka auna da shi. Akwai ɗakin kansa, wanda ake biyan haya duk shekara. Akwai sunan shagon da mutane suka san shi da shi. Akwai kanta da katakan da ake jera kaya a kai. Sannan akwai kafintan da ya zo ya buga su. A intanet, ɗakin shi ne hostin, wato filin da kake haya a wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, wadda ake kira saba. Sunan shi ne domen, adireshin da mutum zai rubuta ya iso gare ka. Kanta da katakai su ne manhajar. Ita kaɗai ce kyauta. Ɗaki haya ne, suna haya ne, kafinta kuma sai an sallame shi, sai dai in kai za ka zama kafintan, wanda shi ne abin da kake nema.

Aikin irin wannan manhaja mai sauƙin fahimta ne. A da, kowane shafi da hannu ake rubuta shi da HTML, wato kod ɗin shafukan intanet, in farashin turmi ɗaya ya canza sai an nemo mai kod ya buɗe fayil ya gyara. Manhajar sarrafa abin da ke cikin shafi ta raba aikin biyu. Rubutunka da farashinka suna zaune a rumbun bayanai, kamannin shafin kuma yana zaune daban, kamar riga da mai sanya ta. Kai dai ka shiga da kalmar sirrinka, ka rubuta, ka ɗora hoto, ka danna, kamar yadda kake yi a Facebook. In ka gaji da rigar ka canza wata, rubutunka yana nan bai motsa ba. Ana ce wa WordPress buɗaɗɗiyar manhaja saboda lasisinta, GPL, ya ba kowa damar ya yi amfani da ita, ya duba cikinta, ya gyara, ya ba wani. Babu kamfanin da zai tashi gobe ya ce ka daina, ko ya hana ka kwashe kayanka ka koma wani wurin.

Kar ka raina wannan magana ta ƙarshe. Na san za a ce maka ai shagon yana da Instagram da WhatsApp, me za a yi da shafi? Ka tuna ranar 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya kusan awa shida. Ka tuna an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Ban da wannan, mutum nawa ka sani da aka kulle wa shafi ko aka yi wa kutse, mabiyan da ya tara shekara da shekaru suka tafi? A waɗancan dandali kai baƙo ne a zauren wani. Ka ci gaba da amfani da su, can ne jama'a suke, amma ka mallaki wuri ɗaya da yake naka.

Manhajojin suna da yawa, amma uku ne suka daɗe ana jin su. Drupal ta fito a 2001, wani ɗan Beljiyam mai suna Dries Buytaert ne ya fara ta. Tana da ƙarfi, jami'o'i da hukumomi suna son ta, amma ba ta da sassauci ga ɗan koyo. Joomla ta fito a 2005, bayan masu aikin wata manhaja mai suna Mambo sun ɓalle. Sunan nata daga kalmar Suwahili ne, jumla, wato gaba ɗaya, ita ce dai jimlar nan tamu da ake bugawa a ƙasan rasit, duka daga Larabci muka aro. WordPress kuwa Matt Mullenweg da Mike Little ne suka sake ta a watan Mayun 2003, da farko don masu rubuce-rubucen yau da kullum, yau kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya a kanta suke.

Ni WordPress zan ce ka ɗauka, ba don ta fi sauran kyawun gini ba. Masu Drupal za su yi min gardama a kan wannan, kuma suna da hujja. Dalilina irin na mai sayen mota ne: sayi wadda kowane bakanike ya sani, wadda in ka shiga Ƙofar Ruwa za ka samu kayanta ba tare da an ce sai an aiko daga Legas ba. Duk matsalar da za ka ci karo da ita a WordPress, wani ya riga ka cin karo da ita ya kuma rubuta maganinta. In gobe karatu ya ɗauke ka daga Kano, yayanka zai samu wanda zai karɓi aikin ba wahala.

Akwai rami ɗaya tun a bakin ƙofa. WordPress.org daban, WordPress.com daban. Na farko shi ne inda ake sauke manhajar kanta kyauta, ka ɗora ta inda ka ga dama. Na biyu kasuwancin kamfanin Automattic ne, su suke ba ka ɗaki da ita a ciki, kuma tsarinsu na kyauta yana da iyakoki, adireshinka ma zai fito da sunansu a maƙale. Ba haramun ba ne, amma ba shi nake nufi ba. Duk abin da zan faɗa daga nan na farkon ne.

Kafin ka kashe ko sisin yayanka, ka koya a laftop ɗinka. Mutane da yawa ba su san ana iya wannan ba. Akwai manhaja mai suna XAMPP, akwai kuma Local, suna mayar da kwamfutarka ƙaramar saba ta cikin gida. Local ta fi sauƙi, ka ba shafin suna ka danna, ta haɗa maka komai. XAMPP ta fi wahala kaɗan, amma ta fi koyarwa, don da hannunka za ka zuba fayilolin WordPress a jakar htdocs, ka buɗe phpMyAdmin ka ƙirƙiri rumbun bayanai, ka ga yadda biyun suke haɗuwa. In laftop ɗin ta tsufa sosai, XAMPP ɗin za ta fi yi mata daɗi. Ka samu wurin da intanet yake da ƙarfi ka sauke sau ɗaya, daga nan yawancin koyon ba ya cin data, ko an ɗauke wuta kana iya ci gaba har batir ya ƙare. Ka yi mako biyu kana ginawa kana rushewa. Ka lalata shi da gangan, ka goge, ka sake. Tsoron danna abu shi ne babban ciwon ɗan koyo, kuma a nan ne wurin warkewa, inda ba mai ganinka.

Yanzu maganar suna, inda nake so ka fi buɗe kunne. Wata shekara wani Alhaji mai sayar da kayan ɗaki ya kira ni wai shafinsa ya mutu. Na je ofishinsa, ya zaunar da ni ya sa aka kawo lemo, ya juyo min da kwamfuta. Da na rubuta adireshin sai ga wani farin shafi da turanci yana cewa sunan na sayarwa ne. Na ce, Alhaji, wa ya yi rajistar sunan? Ya ce wani yaro ne mai hankali da ya yi musu aikin. Ina yaron? Ya tafi hidimar ƙasa, daga can bai dawo ba, lambarsa ba ta shiga. Da wane imel aka yi rajista? Alhaji ya kalli yaron shagonsa, yaron ya kalli ƙasa. Ba wanda ya ci amanar wani a nan. Yaron ya yi rajista da imel ɗinsa don ya fi masa sauƙi, wasiƙun tunatarwa suka yi ta zuwa inda ba mai karantawa, wa'adi ya cika, sunan ya koma kasuwa wani ya ɗauke. Adireshin kuwa yana jikin allon shago, yana jikin rasit, yana jikin motar kai kaya. Ban iya yi masa komai ba sai sabon suna, shi kuma ya sake buga takardu.

Saboda haka domen da sunan yayanka za a yi rajistarsa, da imel ɗin da shi ko shagon ya mallaka, da lambar wayar da ba za a yar ba. Ko kai ƙaninsa kar ka sa naka. Yau kuna tare, gobe aure ko aiki ya raba ku, ba sai an yi faɗa ba. Ku rubuta ranar ƙarewar wa'adi a littafin da yake rubuta bashi, don shi ne littafin da ba a mantawa da shi. In sunan ya ƙare akwai ɗan lokacin da ake ba mutum ya fanshe shi, amma kuɗin fansa yakan ninka na sabuntawa, bayan nan kuma sai dai labari.

Sunayen da suka ƙare da .ng ƙungiyar NiRA ce take kula da su, kuma tana da jerin dillalan da ta amince wa a shafinta, daga cikinsu za ka zaɓa. Ga shago irin naku .com.ng ya wadatar, yakan fi .ng zalla araha, kuma da naira ake biya. Ka zaɓi suna gajere wanda za a iya faɗa a waya cikin hayaniyar Kwari ba tare da an ce maimaita ba. Kar ka sa harafi mai ƙugiya ko layin tsakiya ko lambobi barkatai.

Hostin kuma, ƙaramin tsari na haɗaka, inda shafuka da yawa suke zaune a saba ɗaya, ya ishe ku na shekarun farko. Kar wani ya ruɗe ka da manyan tsare-tsare. Ba zan faɗa maka farashi ba don yana motsi kamar farashin shadda, amma ga abin da za ka duba. Ka tambayi kuɗin shekara ta biyu, ba ta farko ba, don ragin da ake yi a farko tarko ne na kasuwanci. Ka duba da naira ake biya ko da dala. Waɗanda suke biya da dala sun ji a jikinsu bayan an saki naira a Yunin 2023, kuɗin hayarsu ya fi ninki biyu cikin watanni alhali ba abin da aka ƙara musu. Ka tabbata suna ba da takardar tsaro ta SSL kyauta, irin ta Let's Encrypt, wadda take sa adireshi ya fara da https. Tun 2018 Chrome yake rubuta wa shafin da ba shi da ita cewa ba amintacce ba ne, kuma ba mai tura kuɗi inda wayarsa ta gargaɗe shi. Sai wata dabara tawa: kafin na biya kowane kamfani, nakan aika musu tambaya da daddare ranar Asabar, in ga yaushe za su amsa da kuma yadda za su amsa. Yadda suka yi da kai kafin su karɓi kuɗinka, ba za su fi haka ba bayan sun karɓa.

Ɗora WordPress a hostin ba wani aiki ba ne. Yawancinsu suna da cPanel, wato allon da kake sarrafa hostin ɗinka, a ciki akwai Softaculous mai ɗora maka WordPress da kanta, minti biyar an gama. Abin da yake da muhimmanci shi ne 'yan saitunan da ake tsallakewa cikin zumuɗi. Kar sunan shigarka ya zama admin, shi ne na farko da masu kutse suke gwadawa. Kalmar sirri kar ta zama lambar waya ko sunan ɗa da shekarar haihuwa, ka bar manhajar ta ƙirƙiro maka doguwa ka adana. Ka shiga Settings ka mayar da agogo Lagos. A Permalinks ka zaɓi Post name, don adireshin kowane shafi ya fito da kalmomi maimakon lambobi, kuma ka yi wannan tun ranar farko, don canzawa daga baya yana iya karya mahaɗan da ka riga ka rarraba. A ƙarƙashin Reading akwai wani ɗan akwati da yake roƙon Google kar ya nuna shafinka. Ana cika shi lokacin gini, sai a manta a cire. Na taɓa ganin shafin da ya yi wata da watanni masu shi suna ta mamakin me ya sa ba a ganinsu, ashe wannan ɗan akwatin ne.

Rigar shafi, wadda ake kira tim, ita ce inda ɗan koyo yake ɓata mako guda yana zaɓe. Kar ka yi haka. Ɗauki mai sauƙi daga rumbun WordPress na hukuma, irin Astra ko GeneratePress ko Kadence, ko ma wadda ta zo da manhajar. Tun sigar 5.0 a Disambar 2018 WordPress take da editan da ake jera shafi tubali-tubali, wannan na hoto, wannan na rubutu, wannan na maɓalli, kuma ya isa ya yi maka duk abin da shago yake buƙata.

A nan ne wani abokinka zai zo da filash ko ya turo maka mahaɗi a Telegram, ya ce ga rigar da ake sayarwa da dala ya samo maka kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Irin waɗannan da aka fasa, sau da yawa an cusa musu ƙofar baya. Na taɓa karɓar aikin shafin wata makarantar Islamiyya da aka gina da irin wannan riga. In ka buɗe a kwamfuta lafiya lau, hoton ɗalibai da jadawalin karatu. In uba ya nemo makarantar ta Google a wayarsa ya danna, sai ya tsinci kansa a shafin caca. Shugaban makarantar bai sani ba sai da wani mahaifi ya tare shi bayan sallar Azahar ya nuna masa. Kwana uku na yi ina tsefe fayiloli, daga ƙarshe na rushe na sake gini daga tushe, don ban yarda na gano duk inda aka ɓoye abin ba.

Sai maganar da littattafan turawa ba za su gaya maka ba: haruffanmu. In za ka yi rubutu da Hausa, kuma ina ba ka shawara ka yi, WordPress tana adana ƙ da ɗ da ɓ ba matsala. Matsalar tana wajen salon harafin da rigar take amfani da shi. Da yawa ba su da masu ƙugiya, sai burauza ta aro daga wani salon, ka ga an rubuta kalma kamar ƙarshe amma ƙ ɗin ya fi 'yan'uwansa kauri ko ya karkace kamar baƙo a sahu. Kafin ka amince da kowane salo, ka rubuta kalmomin nan uku, ɗan ƙaramin ɓawo, a babban take da ƙaramin rubutu, ka duba a waya. Noto Sans yana da su duka. Haka kuma in take yana da harafi mai ƙugiya, ka gyara adireshin shafin da hannu ka sa k ko d ko b zalla, in ba haka ba in aka kwafa zuwa WhatsApp sai ya fito da tarkacen alamomin kaso da lambobi, ya zama kamar mahaɗin 'yan damfara. Tunda Kwari tana samun baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru, Hausar za ta kai ka nesa fiye da yadda kake zato. In daga baya kuna son ƙara Turanci ko Faransanci, akwai wata ƙaramar manhaja da ake ƙara wa WordPress mai suna Polylang, amma ba yanzu ba.

Hoto shi ne kayan shagonku a intanet, kuma shi ne abin da ya fi kashe shafukan 'yan kasuwa. Wayar zamani tana ɗaukar hoto mai nauyin megabait uku, huɗu, har fiye. Ka jera ashirin a shafi ɗaya, ka ga nawa hajiyar da take Gwammaja za ta ƙona na data kafin ta ga leshi ɗaya. Ba za ta jira ba. Kowane hoto ka rage faɗinsa zuwa kamar fiksel 1200, ka matse shi da Squoosh, wanda kyauta ne a burauza, har ya dawo ƙasa da kilobait 200. WordPress tana karɓar nau'in hoto mai suna WebP tun sigar 5.8, kuma ya fi sauƙin nauyi. Ka ɗauki hoton da safe a inuwa, ba ƙarƙashin fitilar shago ba, don fitila tana canza launi, kuma ka san rigimar da ake yi in mace ta ce ba wannan shuɗin ta gani ba. Hoton kayanku na gaske za ka sa, ba na wani da ka kwafo ba. Gwajin ƙarshe kuma kar ka yi shi a laftop. Ari ƙaramar waya mai araha, ka tsaya a tsakiyar kasuwa da rana tsaka lokacin da layi ya cushe, ka buɗe shafin. In ya buɗe a nan, zai buɗe a ko'ina.

Me za ka sa a ciki? Kaɗan. Shafin farko da zai faɗi me kuke sayarwa da inda kuke, shafin kaya kashi-kashi, ɗan bayanin shagon, da yadda za a same ku: sunan gida, layi, lambar shago, lokacin buɗewa da rufewa, da cewa ana tashi sallar Juma'a. A ƙarƙashin kowane kaya ka sa maɓallin WhatsApp. Ba ya buƙatar wata manhaja, mahaɗi ne kawai: wa.me, sai layin karkace, sai 234, sai lambar ba tare da sifirin farko ba.

Na san ranka yana kan WooCommerce, wato a zaɓi kaya a biya da kati a shafin kai tsaye. Tana nan, kyauta ce, Paystack da Flutterwave, masu karɓar kuɗi ta intanet, duka suna haɗuwa da ita. Amma ni zan ce ka dakata. Cinikin Kwari da baki ake yinsa. Mai saye yana so ya ji murya, ya nemi ragi, ya ce a ɗauko masa bidiyon turmin a buɗe, farashin mai ɗaukar ɗaya daban da na mai ɗaukar dila. Ranar da ka buɗe biya ta kati, ka ɗauki alkawarin cewa duk abin da yake shafi yana shago, a farashin da aka rubuta. Wa zai riƙa cire kayan da ya ƙare kowace yamma? In an biya kuɗin abin da aka sayar tun jiya, wa zai mayar? Sannan ka fara tara sunaye da adireshi da lambobin mutane, wanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora maka nauyin tsarewa. Ku yi wata shida da WhatsApp, ku ga me mutane suke tambaya, sannan ku yanke shawara.

Fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress, su ne daɗinta kuma su ne ciwonta. Yawancin kutsen da ake yi ba ta jikin WordPress ɗin ake shiga ba, ta fulogin ne ko rigar da aka bari ba sabuntawa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kar kuma ka ce wa zai damu da ɗan shagonmu, ai ba mutum ne yake zaune yana zaɓenku ba, manhajoji ne suke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna taɓa kowace ƙofa. Ka tsaya a kan huɗu ko biyar: ɗaya na ajiyar kwafi kamar UpdraftPlus, ɗaya na tsaro kamar Wordfence, ɗaya na taimaka wa Google ya fahimci shafin kamar Yoast ko Rank Math, ɗaya na saurin buɗewa. Kafin ka ɗora kowanne ka duba yaushe aka sabunta shi na ƙarshe da mutum nawa suke amfani da shi. Wanda ka daina amfani da shi ka goge, kashewa kawai ba ta isa ba.

Ajiyar kwafi abu biyu ce: rumbun bayanai, da jakar wp-content inda hotuna da riga da fulogin suke. In kana da waɗannan biyu, ko sabar ta ƙone za ka tashi shafin a wani wurin cikin yini ɗaya. Ka saita ta tafi Google Drive da kanta duk mako, kar ta zauna a sabar da shafin yake, don wanda ya ajiye makullin ajiya a cikin ɗakin da ya kulle bai yi ajiya ba. Kuma sau ɗaya, ka sauke kwafin ka gwada tashinsa a XAMPP ɗin nan ta laftop ɗinka. Na sha ganin mutum yana da kwafi shekara guda, ranar buƙata a buɗe a tarar rabin fayil ne.

In yaran shago za su riƙa ɗora kaya, kowa ka buɗe masa nasa shiga a matsayin Author ko Editor, matsayin Administrator kuma, mai iko da komai, ya tsaya wurinka da yayanka. Ranar da yaro ya bar shagon ka goge nasa, ba sai an canza wa kowa kalmar sirri ba.

Shi kuma mai sana'ar da ya yanka muku kuɗi, kar ka yi saurin zaginsa. In bayan mako biyun nan na gwaji ka ga abin ba naka ba ne, ko lokaci ya ƙi, ku koma wurinsa, amma yanzu kun san abin tambaya. Ya rarraba muku kuɗin: nawa na suna, nawa na hostin, nawa na aikinsa, nawa na kulawa duk shekara. Ku sayi suna da hostin da kanku ku ba shi izinin shiga. Ya faɗa muku rigar da zai sa da inda ya samo ta, in ta kuɗi ce ya nuna rasit. Kuma kar a cika masa kuɗinsa sai ya zauna da kai ya nuna maka yadda ake ɗora kaya, ya damƙa shigar Administrator da ta cPanel, kun gwada a gabansa sun buɗe.

A wannan makon dai ba sai ka sayi komai ba. Ka sauke XAMPP ko Local, ka je shago da safe kafin a cika ka ɗauki hoton kaya goma, ka zauna da yayanka ku fitar da sunaye uku da kuke so, ka duba wanne ne ba a riga ku ba. Ka tambaye shi kuma wane imel ne yake iya buɗewa da kansa. In ba shi da ko ɗaya, ku buɗe a wayarsa, da lambarsa, kafin a je maganar rajista.